Jitar da Aka Cire wa Haƙora

Sai da maigidana ya shekara da rasuwa sannan na san jitar bes, wato jita mai kaurin murya, iri biyu ce. Na zauna ɗaki ɗaya da tasa tun yaranmu suna ƙanana, na goge ta, na sha ɗauke ta daga inda rufi ke yoyo, amma ban taɓa tambayar komai a kanta ba. 'Yata ce take rubuta wannan, ni ina faɗa mata. In na yi shiru takan jira ni, domin har yanzu kuka yakan zo mini ba sallama, ni kuma na daina ɓoye shi.

Aikinsa gyaran jikin mota ne a Apo, nan Abuja. Motar da ta yi karo ta lotse, shi zai buge ta, ya shafa mata fila mai cike ramuka, ya goge har ta koma sumul. Ranar Lahadi kuma shi ke kaɗa bes a cocinmu, wata ƙaramar coci can bayan Apo. Mutanenmu daga ko'ina suke, wasu Filato, wasu kudancin Kaduna, wasu Nasarawa, kowa da yarensa, Hausa ce ta haɗa mu. Ni ina cikin matan zumunta, ni ce mai ba da waƙa, sauran su amsa.

In lokacin waƙar mata ya yi, masu kiɗa sukan ajiye kayansu. Mai fiyano ya harɗe hannu, mai ganguna ya fita shan iska. Mu da tulunmu da cakinmu da kuge mun ishi kanmu. Ba mai ba mu murya. Inda maƙogwarona ya kama, daga nan waƙa za ta tashi. Maigidana ne kaɗai ba ya ajiye tasa. Sai ya sunkuyar da kai ya bar ni in yi baiti guda, sannan ya shigo ta ƙasa a hankali, kamar wanda ya ga kin ɗauko kaya ya zo ya tallafa bai ce komai ba. Na ɗauka haka kowace bes take yi.

Bayan ya tafi na kasa ba da waƙa. Nakan tsaya a layi cikin zanen zumunta ina motsa baki, wata ce take jan mu. Jitar kuwa tana cikin jakarta, ba mai taɓawa.

Da addu'ar cika shekara ta matso, babban ɗana, wanda ke zaune a Gwarinpa, ya zo ya ce yana so a kaɗa jitar babansa ranar, ni kuma in ba da waƙa ko guda ce. Na yarda. Ya tafi da ita, ya ce za a duba ta. Ana gobe taro ya dawo da ita yana ta murmushi, ya ce, "Mama, ko Baba ya gan ta sai ya yi mamaki." Ban buɗe jakar ba. Zuciyata ba za ta ɗauka ba.

Wanda ya gaji maigidana a wurin bes muna ce masa Baban 'yan biyu. Magidanci ne, mai aikin shimfiɗa tayil, kuma hannunsa da daɗi, ba wanda zai kushe shi. Ranar taro, bayan wa'azi, mata suka fito. Na ja waƙar da marigayin ya fi so. Na kai ƙarshen baiti, sai na ji Baban 'yan biyu ya shigo da jitar.

Ba ita ba ce. Jikin dai nata ne, ga jan fentin da ya koɗe a inda hannun maigidana ke gogawa. Amma sautin ya fito a dunƙule, da ƙarfi, da wata 'yar ƙara a bakinsa kamar an ƙwanƙwasa kwano da cokali. Ya tsaya a gefena, bai shiga ƙarƙashina ba. Na karkata murya zuwa gare shi, matan suka tsaya inda suke, amshi ya rabu biyu. Ya hau sama, ya wuce mu. Ya sauko, ya yi ƙasa da mu. Muna tsakiya, shi yana ta tsallake mu. Na yi shiru a tsakar waƙa.

Mutane suka ce kuka ne ya ci ƙarfina, suka zaunar da ni ana yi mini fifita. Kuka kam na yi. Amma ina kukan ina tambayar kaina, me ya sami jitar nan? Hannu ne ya bambanta, ko kunnena ne ya tsufa? Ko kuwa abin da nake ji shekara da shekaru bai taɓa zama cikin itacen ba, cikin mutumin yake, ya tafi da abinsa? Wannan tunanin ne ya hana ni cin abinci. In haka ne, ba zan ƙara jin sautin nan ba har in koma ga Ubangiji.

Washegari da hantsi na fito da jitar na ɗora a cinya. Na bi dogon wuyanta da hannu yadda nake yi in ina gogewa, sai yatsana ya yi tuntuɓe. Wasu ƙarafa ne siri-siri a gicciye, jere tun daga sama har ƙasa, suna ƙyalli. Wuyan da na sani sumul yake kamar muciya, sai dai wasu layuka masu launin toka, waɗanda na ɗauka ado ne.

Na sa 'yata ta kira mini yayanta a waya. Ya ce, "Ai gyaran ke nan, Mama. Baban 'yan biyu ya duba, ya ce ba zai iya kaɗa ta ba, ƙarafanta duk sun fita. Kin san halin Baba, motar kowa zai gyara, nasa kayan kuwa sai dai a liƙa a ci gaba. Na ce ba za a fito da ita gaban jama'a da giɓi ba."

Na ce ya kwatanta wa ƙanwarsa shagon da ya kai ta. Ya ce me zan je yi? Na ce tambaya zan yi.

Shagon yana saman wani benen shaguna a Gwarinpa, jitoci rataye har rufi. Mai gyaran ba Bahaushe ba ne, Hausarsa irin ta Abuja ce, mace da namiji duk ɗaya. Muna zuge jakar ya gane ta.

"Mama, wannan jita na san shi. Na gaya ma yaronki, ƙarfe ba faɗuwa ya yi ba, cire shi aka yi. Ya ce, Oga, ka sa kawai."

Na ce, "Wa zai cire wa abu ƙarfensa da gangan?"

"Akwai masu yi. Har kamfani yana yin shi haka, babu ƙarfe ko ɗaya. Zauna, ki ji da kunnenki."

Ya sauko da wata mai ƙarafa, ya haɗa ta da sifika. Ya nuna mini cewa in an danna tsirkiya, ba a kan yatsa take tsayawa ba, a kan ƙarfen da ke gaban yatsan take tsayawa. Ya matsar da yatsansa gaba kaɗan, ya dawo baya kaɗan, duk a tsakanin ƙarfe biyu, sautin bai ko motsa ba.

"Kin gani? Ko ɗan koyo ya danna, zai fito daidai. Ƙarfe ne yake yanke magana."

Kowane sauti yana faɗowa tsaf, da kaifi, kamar ƙwayar masara cikin tasa. Ya ja yatsan tun daga sama, na ji tana tafiya hawa-hawa, tana ɗan kakkarwa kamar mota a gargada.

Sannan ya ɗauko wata mai baƙin wuya, ba ƙarfe, ba ko layi. Yana taɓawa na damƙe hannun 'yata. Wannan sautin bai faɗo ba, buɗewa ya yi. Ya fara da taushi, ya kumbura a tsakiya kamar kukan bijimin Fulanin da ke wucewa ta bayan unguwarmu, sannan ya lafa a hankali. Mai gyaran ya ce dalili shi ne tsirkiyar tana kwance tsakanin itace da tsokar yatsa, ba ƙarfen da zai ba ta kaifi. Ya ja yatsa, sautin ya tafi da yauƙi kamar miyar kuɓewa, ba inda ya tsinke. Ya girgiza yatsan a wuri ɗaya, ta yi irin rawar da murya ke yi in mutum na danne kuka.

Na ce, "To ai wannan goge ne babba."

Ya yi dariya. "'Yan uwa ne. Amma wahala gare shi, Mama. In ka kauce kamar ƙwayar shinkafa, kowa zai ji. Babu mai taimakonka sai kunne."

Na tambaye shi wacce ta fi kyau. Ya ce ya danganta da wuri. In ga fiyano ga ganguna ana hayaniya, mai ƙarfe ta fi fita, domin kaifin nan yana ratsa komai, kuma ita da fiyano bakinsu ɗaya. Mara ƙarfe kuwa tana son a ba ta fili. Na ce to ta maigidana, za a iya sake cire mata? Ya juya ta yana dubawa. Ya ce itacen ya tsufa, kuma ya sa gam da kyau. A wurin zarewa yana iya tsagewa, in ya tsage da yawa wuyan ya tashi aiki. Har mun kai ƙofa ya ƙara da cewa, "Abin da aka cika ramin da shi ma ba itace ba ne. Abin mota ne. Ya ba ni wahala sosai."

Abin mota. Nan na san inda zan je.

A Apo akwai Alhaji, wanda suka yi rumfa ɗaya da maigidana tun zuwanmu Abuja. Ya shimfiɗa mini kwali a kan benci don kada baƙin mai ya ɓata mini zane, muka gaisa da ƙarfi saboda ƙarar guduma. Na buɗe jakar. Yana ganin wuyan ya tafa hannu.

"Wa ya mayar wa tsohuwa haƙoranta?"

Na ce, "Ashe ka sani."

"Na sani? Madam, da awartakina aka yi aikin. Lokacin kuna sababbin zuwa Abuja. Ya kawo ta nan, ya zauna inda kike zaune, yana zare su ɗaya-ɗaya kamar wanzami. Na ce, Oga, abin da ka sha wahala ka saya? Duk layin nan aka taru ana dariya, ana cewa rana ta taɓa shi. Bai kula kowa ba. Ya cike ramukan da fila, ya kawo sanfefa da ruwa ya yi ta gogewa kamar ƙofar mota."

"Bai faɗi dalili ba?"

Alhaji ya shafa gemu yana kallona. "In faɗa ba za ki yi fushi ba?"

"Wanda zan yi fushi da shi ya tafi."

"Cewa ya yi, matata ba ta zama a ɗakin da aka gina mata. Muryarta tana tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Kuma in waƙa ta yi zafi, ita da matan nan sai su riƙa hawa kaɗan-kaɗan, sun bar ƙarfen baya, ba su kai na gaba ba. Ya ce, tunda ba zan iya sa mata ƙarfe a maƙogwaro ba, gara in cire nawa."

Na yi dariya, dariyar ta juye kuka. Alhaji ya ba ni baya yana gyara wata fitilar mota da ba abin da ya same ta.

A hanyar gida wani tunani ya cije ni. Wato duk shekarun nan a karkace nake waƙa, shi yana bi yana rufa mini asiri, kowa ya sani sai ni? Ranar Lahadi bayan an tashi na tare Baban 'yan biyu yana naɗe wayoyi.

"Baban 'yan biyu, tsakaninka da Allah, me ya sa kuke ajiye kayanku in mata sun fito?"

Ya sosa ƙeya. "Girmamawa ce, Mama."

"Ka girmama ni da gaskiya."

"To, ba ma samunku ne. Mai fiyano yakan laluba a ɓoye. Ba ku a fararen maɓallan fiyanon, ba ku a baƙaƙen."

"Wato ba mu iya ba."

"Ban ce ba, Mama. Ku duka wuri ɗaya kuke, ba wadda ta kauce wa 'yar'uwarta. Wurin ne dai fiyano ba ta da shi."

Na daɗe ina juya maganar nan. Uwata a ƙauye takan yi waƙa a bakin dutsen niƙa, maƙwabta su amsa ta bayan danga, ba wanda ya auna musu murya da komai. To wa ya zauna ya ce a nan ƙarfe zai tsaya, ba can ba? Da me ya auna? Na tambayi Baban 'yan biyu, ya ce haka ya tarar. Har yau ina son in sami wanda zai gaya mini.

Abu mai wuya shi ne gaya wa ɗana. Na yi masa tuwon acca, na bari ya ci ya sha ruwa, sannan na ba shi labarin Alhaji. Ya ture kwanon gefe.

"Wato na ɓata ta."

"Ka ga giɓi ka cike, haka ɗan kirki yake yi. Ni da nake goge ta ma ban sani ba."

"Mai gyaran ya faɗa mini, Mama, ban saurara ba. Tun ina yaro nake jin kunyar jitar nan. Ta kowa da ƙarafa, ta babana da faci."

Na gaya masa ina so a sake cirewa, na kuma gaya masa tana iya tsagewa mu rasa duka. Ya ce in ta tsage fa? Na ce a yadda take ma ai ba ta babansa ba ce. Shi da kansa ya ɗauke ta zuwa Apo, ni ina biye.

Alhaji ya so ya ƙi. Ya ce hannunsa na mota ne. Na ce hannun wancan ma na mota ne. Ya yi bisimilla, ya zauna. Yakan ɗumama ƙarfe tukuna don gam ya saki, sannan ya kama gefe da bakin awartaki ya ɗaga a hankali. Ni ina zaune ina jin kowane ɗaya a haƙorina. Can wajen sama wani ya taso da ɓallin itace, na ji ɗana ya ja numfashi. Alhaji ya mayar da ɓallin ya liƙe, ya ɗaure da roba, ya wuce na gaba. Da fila ta bushe ya miƙa wa ɗana sanfefa, ya ce, "Kai ka sa, kai za ka goge." Ɗana ya naɗe hannun rigarsa ta ofis ya durƙusa.

Matan zumunta ranar Alhamis da la'asar muke koyon waƙa, coci ba kowa sai mu. Na roƙi Baban 'yan biyu ya zo. Ya rataya jitar, ya dubi wuyan kamar wanda aka ce ya ƙetare rafi ba duwatsun takawa. Ya taɓa tsirkiya mafi kauri.

Sautin ya buɗe, ya kumbura, ya lafa. Na zauna a benci. Yana nan. Wannan kam cikin itacen yake, bai tafi da shi ba.

Da na sami kaina na miƙe na ja waƙa. Nan aka fara farauta. Ya zo ta sama, ya zame, ya dawo ta ƙasa, ya wuce. Da can tsallake mu yake yi, yanzu kuma santsi ke kwasarsa. Mai buga mana tulu, tsohuwa ce da bakinta ba ya shiru, ta ce, "Baban 'yan biyu, ko a aiko maka da tocila?"

Ya ce, "Iyayena, ku tsaya wuri ɗaya mana!"

Ta ce, "Mijinta bai taɓa cewa mu tsaya ba."

Mata suka fashe da dariya, shi yana share gumi. Na lura idonsa yana kan layukan tokar nan, yana neman ɗora yatsa daidai kansu. Na ce masa marigayin ban taɓa ganin ya kalli hannunsa ba, ƙasa yake kallo. Ya sunkuyar da kai. Muka sake ɗauka. A cikin amshi, na ɗan lokaci kaɗan, na ji abu ya shigo ƙarƙashin muryata ya ɗaga ta. Muka ɗan hau, ya biyo mu. Muka ƙara hawa, ya ɓace.

Ba hannun maigidana ba ne. Nasa ya fi nauyi, kuma ba ya gaggawa. Wannan ɓangaren ya tafi da shi, na yarda. Amma na ji an tallafe ni, kuma na kai waƙar ƙarshe.

Bayan an tashi Baban 'yan biyu ya zo ya rusuna a gabana, jitar na hannunsa.

"Mama, wannan ba aikin ranar Alhamis kaɗai ba ne. In kina so in same ku, sai ta zauna a wurina ina taɓa ta kullum. Ki bar ni in tafi da ita gida."

Ban shirya wa wannan ba. Ni a zatona za a kaɗa, in mayar da abata. Na ce ya dakata. Na zauna na ɗora hannu a kan wuyan, sumul, da ɗan tudu a inda Alhaji ya liƙe. In na riƙe ta, zan riƙa ganinta, ba zan ji ta ba. Matan suka yi kamar suna tattara caki, amma na san ni suke jira.

Na ce, "Kada 'yan biyu su hau ta."

"Ba za su hau ba, Mama."

"Kuma kada wani ya sa mata ƙarfe."

"Sai dai in ba na numfashi."

Ya goya ta a baya ya hau babur, wuyan ya zarce kansa. Na tsaya bakin hanya ina kallo har ya sha kwana, hawaye na zuba ban share ba. Mai tulu ta zo ta tsaya kusa da ni da tulunta a hammata, ta bar ni na yi mai isata. Sannan ta ce, "Alhamis ke za ki ja. Ki zo da wuri, yaron nan yana da sauran tafiya."